Ranar Da Na Yanke Kan Ralonjin Marigayi

Kafin wata a cikinku ta rubuto min a ƙasa cewa ba ni da tarbiyya, ta dakata ta ji yadda abin ya faru. Goggona ta riga ta faɗa min hakan da Hausa, ta maimaita da Fillanci, don haka babu abin da ya rage da za ki ƙara min.

Sunana Nazira, 'yar Malam Ishaku mahauci ta unguwar Hausare a nan Garwa. Shekarata ashirin da biyar, kuma sana'ata gwajin kayan wuta. Kun san doguwar wayar nan mai bakuna huɗu ko biyar da ake jona caja da fanka da dutsen guga? Mu nan ralonji muke ce mata. To shi nake wuni ina dubawa a ofisoshi da otal-otal da ƙananan asibitoci, ƙarƙashin wani ɗan kamfani da mu shida ne kacal a cikinsa.

Aikin ba shi da wani asiri. Da farko zan ja wayar cikin tafin hannuna daga kai har gindi, ko zan ji kumburi ko tsaga. Sai in jona ta a na'urata, ta gaya min ko wayar ƙasa tana nan, wato ta ukun nan da ke kwashe wuta idan ta kuɓuce, maimakon ta bi ta jikin mutum. Daga nan na'urar ta tura wuta mai ƙarfi a ga ko robar tana riƙewa ko tana yoyo. Wanda ya ci gwaji in manna masa koriyar takarda mai sunana da kwanan wata. Wanda ya faɗi in manna masa ja, sannan in sa filaya in datse kansa, in jefa kan a jakata in tafi da shi.

Wannan datsewar dokar shugabanmu ce, Shef Achille, mutumin Mokolo. Ranar da na fara aiki ya ce min, "Nazira, in kin bar masa kai, kafin ki kai ƙofa wani ya ɓare jar takardar ya jona butar shayi. Coupe la tête, datse kan kawai, kada ki ji tausayi." Shekara uku ke nan, har abin ya bi min jiki. A jakar hannuna, inda 'yan mata ke ajiye hoda da jan-baki, ni filaya ce kwance.

A gidanmu kaɗai na datse huɗu, duk na Baba, don shi mutum ne da ba ya iya wuce tsohon kaya a kasuwa bai taya ba. Kullum sai ya ce, "Ni ina yanka in sayar, ke kina yanka ki zubar. A ina kika gado wannan asarar?"

Yanzu bari in zo kan Zaharaddin. Mutumin Banyo ne, dillalin shanu, wurin Baba ya fara zuwa kafin ya gane hanyar zaurenmu ta fi ta mayanka daɗi. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba. Kafin shi samari uku sun zo sun tafi, na ƙarshensu ma bai yi sallama ba, ya dai hango ni a saman tsani cikin shuɗin kayan aiki, ya juya kan babur ɗinsa. Zaharaddin kuwa ranar da ya same ni a kan tsani riƙe min shi ya yi. Goggo Yelwa, yayar Baba, wadda take da lissafin duk 'ya'yan dangi da suka yi aure suka bar ni, ta ce in wannan ya kuɓuce sai dai in auri na'urar.

Kawunnansa sun zo gaisuwa, komai ya tafi daidai. Abu ɗaya ya rage. Mahaifiyarsa, Hajiyar Banyo, ta ce ba za a sa rana ba sai ta ga yarinyar da ke hawa tsani da idonta. Aka tsayar da Asabar. Inna ta ɗinka min atamfa ruwan zuma, aka yi wa mai lalle magana ta zo ranar Juma'a, Goggo ta koya min zama da tashi da sunkuyar da kai kamar ban taɓa zama ba tun da aka haife ni.

Sai Hajiya ta zo ranar Alhamis. Daga baya na ji ashe ɗabi'arta ce, wai gidan da aka share domin baƙo ba gidan ba ne.

Ni ban sani ba. Wayata tana can ƙasan jaka a kashe da murya, don Shef ba ya yarda a amsa kira hannu yana kan wuta. Kira goma sha huɗu Inna ta yi min. Na dawo wajen ƙarfe huɗu, cikin zafin Afrilun nan na Garwa da ko ƙadangare ba ya fitowa, na tuɓe takalmin aiki a ƙofar falo na shiga. Na ji ƙanshin turaren wuta, na ga an fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa buɗe musu kabad ba tun bikin yayata, ga jug cike da folere, wato zoɓo, mai ƙanƙara yana zufa a kan tebur. Da kaifin basirata sai na ce lallai Inna ta fara gwajin Asabar.

A tsakiyar kafet wata 'yar fanka ce ke juyi ita kaɗai. An jona ta a wani tsohon ralonji mai jikin ƙarfe, ruwan zinarensa duk ya goge, kansa kuwa an naɗe shi da baƙin salatif har ya zama kamar dunƙulen daddawa. Na ce a raina Baba ya sake. Na sa ƙafa in ture shi daga hanya.

Ya tsikare ni. Ba wani ja mai ƙarfi ba, amma sai da na ji shi har cikin haƙorana.

Ko hijabi ban cire ba na durƙusa na zare shi daga bango na buɗe na'ura. Wayar ƙasa babu ita, shiru kake ji. Gwajin roba kuwa, lambar da ya kamata ta wuce ɗaya ko kusa da ɗayan ba ta je ba, tana can kwance kusa da sifili. Na ja wayar a tafina, wuri uku ta tsage, an lulluɓe da salatif. Wannan ba mara lafiya ba ne, gawa ce da aka manta ba a binne ba. Na zaro filaya, ƙat, na datse kan na jefa a jaka. Na manna jar takarda, na rubuta Nazira Ishaku da kyakkyawan rubutuna, na sa kwanan wata. Don neman suna har na naɗe wayar tsaf na ɗora ta a tsakiyar tebur, gefen folere, yadda Baba zai fara cin karo da ita.

Ina tsaye ina yaba aikina, filaya a hannu, labule ya ɗaga. Inna ce a gaba, Goggo Yelwa a bayanta, sai wata 'yar tsohuwa fara siririya cikin farin mayafi da carbi a hannu, sun fito daga sallar la'asar. Can bakin ƙofa kuma Zaharaddin.

Tsohuwar ta ce, "Wa ya kashe min fanka?"

Idon Zaharaddin ya sauka kan tebur, na ga fuskarsa ta sake kamar an zare mata ƙusa.

"Innalillahi," ya ce. "Ralonjin Alhaji!"

Hajiya ta tako a hankali ta ɗauka, ta shafa wurin da kan yake a da, ta kai jar takardar dab da idonta, sannan ta miƙa wa ɗanta.

"Karanta min."

"Hajiya, ai ba wani abu ba ne..."

"Na ce ka karanta."

"An rubuta, mai haɗari ne, kada a yi amfani da shi." Ya sauke murya. "Sai suna."

"Sunan wa?"

Ya faɗa. Jama'a, ban taɓa jin sunana ya yi muni a kunne irin na ranar ba. Hajiya ta juyo ta dube ni tun daga safar ƙafata, ta bi shuɗin wandon aiki da ke leƙowa ƙarƙashin hijabi, ta tsaya kan filaya.

"Ita ce?"

"Ita ce, Hajiya."

"To."

Shi ke nan abin da ta ce. Ko foleren ba ta kurɓa ba. Zaharaddin ya kwashi fanka da gawar ralonji, Inna ta bi su har zaure tana ba da haƙurin da ba ta ma san na mene ne ba tukuna.

Sai bayan magariba na ji tarihin, a saƙonnin da ya turo min ɗaya bayan ɗaya. Mahaifinsa ne ya sayo shi a Makka a hajjinsa na ƙarshe. Da aka zo gida kan bai shiga ramin bangonmu ba, don nasu na can ƙafafu uku ne masu faɗi, namu kuwa biyu ne zagayayyu. Sai Alhaji ya zauna a ƙofar ɗaki ya yanke na Makka ya ɗaura wani da hannunsa. Wata huɗu bayan nan ya rasu. Shekara goma sha ɗaya ke nan Hajiya ba ta kwana a ko'ina babu ralonjin nan. Wato a duk jikinsa, daidai wurin da hannun marigayi ya taɓa, nan na zaɓa na datse.

A tsakar gida kuwa kotu ta zauna. Goggo ta tsaya a kaina hannu a ƙugu.

"Tsarabar Makka! Aikin hannun mamaci! Kay, Nazira, ke wace irin yarinya ce? 'Yan mata suna tarbar uwar miji da lalle a hannu, ke kin tarbe ta da makami. Har da sa hannu, don kada a yi zaton aljani ne!"

Inna tana ta sharar hawaye da bakin zane. Baba kuwa ya ce, "Ni da nake yanka kullum, ban taɓa sa wuƙa ban tambayi mai saniya ba." Wannan ta shige ni fiye da duk ihun Goggo, domin gaskiya ce. Ko a wurin aiki sai na sanar da mai kaya kafin in datse. A gida ne na raina mai kayan, don na ɗauka Baba ne.

Na shige ɗaki, waya ta sake ƙara.

"Gobe da hantsi ku zo gidan Kawu a Rumde Ajiya, nan ta sauka. Abu ɗaya za ki ce. Na'urar ce ta yi kuskure, ralonji lafiyarsa lau."

Na rubuta, "Ba lafiyarsa lau ba."

"Na san yana ɗan tsikara."

"Ka sani?"

"Kowa ya sani. Shi ya sa muke tuna mata ta sa silifa kafin ta taɓa."

Na sake karanta saƙon nan. Maza huɗu Hajiya ta haifa, har da mai digiri daga jami'ar Maruwa, kuma duk abin da suka iya tanadar wa uwarsu shi ne silifa.

"Zaharaddin, ranar da ta taɓa shi da ruwan alwala a hannu, silifa ba zai yi komai ba."

"Don Allah Nazira. Ba ki san yadda take ji da shi ba. Lahadi za ta hau mota. In ta tafi ba ta ce komai ba, kawunnaina ba za su sa rana ba, kin kuma san Hajiya ba ta maimaita tafiya. Kalma uku ce. S'il te plaît, ina roƙonki."

Ya haɗa da hoton zuciya har guda uku, ɗaya ga kowace kalma, ina jin. Na kife wayar na yi kuka mai isata. Ina son mutumin nan, kuma abin da yake roƙona bai fi abin da kowace amarya ke yi sau goma kafin a kai ta ɗaki ba. Amma na san abin da zai biyo baya. In na ce lafiyarsa lau, za a ɗaura masa wani kan, ya koma Banyo cikin jakar tsohuwa, da shaidata a kansa.

Da safe bayan na nemi izini wurin Shef, na ɗauko kan nan na warware salatif ɗin, na kwance shi da sukudireba. Ciki duk ya ƙone ya zama gawayi. Wayar ƙasa tana nan, ba a jona ta ko'ina ba, Alhaji bai sami ramin da zai sa ta ba sai ya lanƙwashe ta ya kwantar gefe, wuta tana bin gawayin ta shige ta, ta tafi jikin ƙarfen. Allah ya ji ƙansa, da niyya mai kyau ya yi. Na mayar da salatif ɗin yadda yake na sa kan a jakar hannu.

Aka sa min atamfar Asabar ranar Juma'a, da mayafi ruwan madara da 'yan kunnen Inna. Lalle bai samu ba, sai Goggo ta murje min hannu da man kaɗe wai ko sayin waya zai ɓuya. Muka tare masu moto biyu, wato 'yan acaɓa. Duk inda suka jera a hanya sai ta leƙo ta ɗaga murya.

"Me za ki ce?"

"Na'ura ce ta yi kuskure!"

"Sai me?"

"Lafiyarsa lau!"

Mai moton da ya ɗauke ni har ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya zaci asibiti muka fito.

Mun sami Hajiya zaune a kan tabarma a ɗakin baƙi, tana fifita da mafici, fankarta a gefe shiru kamar ita ma fushi take. Matan gidan sun cika bakin ƙofa, kowace da aikin da ta ƙirƙiro a kusa. Zaharaddin ba ya nan, wai tun sassafe ya fita. Na durƙusa can nesa na ja mayafi har hanci. Goggo ta buɗe da jam na, gaisuwar Fillanci, ta gaida Banyo gida-gida, ta gaida shanu, sannan ta shiga ba da haƙuri. Ta ce yarinya ce, ta ce zafin rana ne, ta ce na'urorin Nasara ba su san kayan albarka ba.

Hajiya ta bari sai da ta kai aya, sannan ta ce, "Na ji naki, Yelwa. Ke yarinya, ɗago."

Na ɗago kaɗan.

"Ralonjin nan lafiyarsa lau?"

Goggo ta sa yatsu biyu ta kama naman cinyata ta cikin atamfa. Kalmomin suna bakina, na haddace su tun daga Hausare. Sai idona ya faɗa kan hannun Hajiya da ke riƙe da mafici, siriri, jijiyoyi duk a waje, ga butar alwalarta nan kusa da gwiwarta. Zuciyata tana ta kiran sunan Zaharaddin, bakina kuwa ya ƙi.

"A'a, Hajiya," na ce. "Ba lafiyarsa lau ba. Na yi laifi da ban tambaya ba, ki yafe min wannan. Amma in an ce in sake gwada shi sau goma, sau goma zai faɗi. Zai iya kashe mutum."

Goggo ta saki salati. A bakin ƙofa wata ta yar da faranti. Tunda na riga na ɓata, sai na ƙarasa, na ciro kan daga jaka na buɗe shi na tura gabanta a kan tabarma.

Hajiya ta sunkuya ta dube shi. Sannan ta ce, "Ku ba mu wuri. Har ke, Yelwa. A ja ƙofar."

Da ɗakin ya rage mu biyu ta ɗauki kan ta kai hanci ta shinshina. Kafaɗunta suka fara rawa. Na ce shi ke nan, na sa uwar mutane kuka ranar Juma'a. Sai na ji wani ɗan sauti ya kuɓuce ta cikin mayafin da ta toshe baki da shi. Dariya take yi, har da hawaye.

"Matso nan," ta ce da raɗa. Na matsa. "Shekara goma sha ɗaya nake jiran wanda zai faɗi abin da kika faɗa."

Na saki baki, kunyar surukuta duk ta tafi.

"Tun ranar da Alhaji ya ɗaura kan nan ya ja ni. Na gaya masa, ya ce sabunta ce, zai daina. Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma ko ƙyauren akurki ya ɗaura sai kaji sun kwana a waje. Da ya rasu, ina cikin takaba, wata rana na ɗauko abin nan zan jefar, sai kuka ya zo min. Yara suka shigo suka gan ni rungume da shi ina kuka. Shi ke nan. Tun daga ranar duk inda za ni, shi ake fara sa min a jaka kafin zanen sawa."

"Hajiya, ba ki faɗa musu ba?"

"In ce musu me? Aikin ubanku na ƙarshe yana neman raina? Ai kuwa na yi dabara. Na taɓa barin shi a tashar Tibati ƙarƙashin benci, bayan mako guda direba ya kawo min shi har gida, wai duk layin an san ralonjin Alhaji. Sai da na ba shi tukuici. Na bar shi inda rufi ke yoyo da damina, babban yayansu ya shanya shi kwana uku ya ƙara masa salatif. Na tura shi bayan buhunan masara na ce ya ɓata, matan gida suka birkice gidan kaf, da aka gan shi har guɗa aka yi."

Ni ma dariyar ta kama ni, muka toshe baki mu biyu kamar ɓarayi. Can ta tsagaita. Ta juya kan a tafinta, ta bi naɗin salatif ɗin da babban yatsa, a hankali, zagaye bayan zagaye. Wannan karon hawayen da suka zo ba na dariya ba ne. Na sunkuyar da kai na bar ta.

"Hagu yake naɗi," ta ce. "Bahago ne." Ta ƙulle kan a bakin mayafinta ta ja ƙullin da haƙori. "Wannan nawa ne. Shi dai ba ya ja."

Ta share ido ta gyara zama, ta koma Hajiyar Banyo sak.

"Jiya da na ce to, tsoro na ji kada farin cikina ya fito a fuska. Yau kuma da kin ce min lafiyarsa lau, da Lahadi na koma da ralonjina, ke kuma ki zauna gidan ubanki. Surukai uku gare ni masu ce min haka ne Hajiya, ba na neman ta huɗu. Zan ce wa kawunnansa bayan babbar salla."

Na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Na buɗe baki zan yi godiya ta ɗaga min mafici.

"Da sharaɗi. Abin da na faɗa miki a ɗakin nan zai mutu. 'Ya'yana ba za su taɓa jin cewa na guji aikin ubansu ba, har shi wanda za ki aura. A waje zan ɗaure fuska kwana biyu, sannan in yafe miki don Allah. Ke za ki ɗauki sunan yarinyar da ta yanke ralonjin Alhaji, kuma a Banyo ba a manta suna. Za ki iya?"

"Zan iya, Hajiya."

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. Na ga ai an gama, abin da ya rage kawai in fita da fuskar wadda aka yi wa faɗa.

Sai muka ji sallama da ƙarfi, aka turo ƙofa. Zaharaddin ne, rigarsa ta jiƙe sharkaf ta manne a baya, ya tuɓe takalmi a waje, da baƙar leda a hannu. Goggo da matan gida suka biyo shi suka cika ƙofar.

"Hajiya, albishirinki!"

Ya zazzage ledar a kan tabarma. Ralonjin Alhaji ne. An sa masa sabon kai fari tas, an ɓare jar takardata, an goge jikin ƙarfen har yana ƙyalli. Tsagun nan uku suna nan inda na bar su, an dai ƙara musu sabon salatif.

"Tun safe nake zaga kasuwa," ya ce yana haki. "Mai gyaran ya ce irin wannan ƙarfen yanzu ba a yin shi, zai ƙara shekara ashirin!"

Matan ƙofa suka ɗauki masha Allah. Goggo ta ɗaga hannu sama tana godiya. Shi kuma ya saci kallona ya kashe min ido ɗaya, irin na kin gani, na gyara komai. Ban taɓa son shi kamar lokacin ba, ban kuma taɓa jin ina so in maka wa mutum na'ura a ka kamar lokacin ba.

Ya ja fanka kusa, ya riƙe jikin ƙarfen da jiƙaƙƙen tafinsa, ya durƙusa ƙafa ba takalmi yana laluben ramin bango. Na ga Hajiya ta janye ƙafafunta tana neman silifa da yatsu. Fuskarta a ɗaure tamau kamar yadda ta yi alkawari, ko inda nake ba ta kalla ba. Ta dai ɗaga mafici ta kare bakinta, ta yi maganar da ni kaɗai na ji.

"Yarinya, abin yankan nan naki, kin zo da shi?"